Tambaya: wai da gaske akwai 'yar'uwar shuwaka da ake fenti da roba da man 'ya'yanta?

Mai_Injin_Mai:

Assalamu alaikum 'yan'uwa, dan Allah masu ilimin kimiyya da na noma ku taimaka min da bayani. Ni ina da ɗan ƙaramin injin matsar mai, gyaɗa nake matsa da riɗi, wani lokacin har waken suya in na samu da sauƙi, shekarata takwas kenan a harkar. To ƙanina da yake karatun sinadarai a jami'a yazo hutu muna zaune a bakin injin da yamma babu aiki saboda gyaɗa tayi tsada, shine yake ce min wai akwai wata ciyawa dangin shuwaka wadda 'ya'yanta suke da wani irin mai da ba'a ci, masu fenti da masu roba ne suke amfani dashi, wai man tun daga gona yake zuwa da efoksi a jikinsa ba sai an kaishi kamfani an sa masa ba. Yace sunanta Vernonia galamensis, ya nuna min hotonta a waya, fure ne mai launin shunayya kanana kanana, kuma wallahi sai naga kamar na taɓa ganin irinta a bakin gona bayan damina.

Abinda nake so in sani, menene shi wannan efoksin da yake cikin mai, ni dai efoksin dana sani shine gam ɗin nan mai bututu biyu. Sannan shuwakar da muke miya da ita ce ko wata ce daban? Kuma in mutum ya samu 'ya'yan injina zai iya matsa? Akwai masu saye? Saboda gaskiya injin nan yakan yi wata uku huɗu yana zaune, ga yara biyu da suke min aiki, in da wani abu da zan riƙa matsa a tsakani zan so.

Malam_Sinadari:

Wa alaikumus salam Alhaji. Ƙaninka bai yi maka ƙarya ba, kuma naji daɗi da ya kawo maka wannan zancen domin abu ne da na daɗe ina jin takaicin ba'a san shi a wajenmu ba.

Bari in fara da efoksin. Kowane mai da kake matsa, in ka duba ƙwayarsa, sarƙoƙi ne guda uku na kabon a rataye a jikin gilisarin. Ɗaya daga cikin sarƙoƙin da suka fi yawa a man gyaɗa da waken suya shine asid ɗin linoliyik, kabon 18 ne a jere, yana da ƙulli biyu masu ninki, ɗaya a kabon na 9 ɗaya a na 12. To ita wannan ciyawar Allah ya bata wani inzayim, wato sinadarin da abu mai rai yake sarrafa abubuwa dashi a jikinsa, a cikin ƙwayar irinta da yake ɗauko oksijin guda ɗaya ya ɗora shi a kan kabon na 12 da na 13, sai su ukun su zama wani ɗan zobe mai kusurwa uku. Wannan zoben shine efoksi. Kuma a matse yake, kamar tarkon da aka ɗana, da zarar wani sinadari ya taɓa shi sai ya buɗe ya cafke. Gam ɗin da ka sani irin su Araldite ma haka yake aiki, bututu ɗaya efoksi ne ɗayan kuma shine mai buɗe zoben, kana haɗa su sai su sarƙe su daskare. Bambancin kawai shi na gam daga man fetur ake yinsa kuma yafi ƙarfi nesa ba kusa ba, kar ka zaci zaka matsa man nan ka manna ƙarfe dashi.

Sarƙar da take ɗauke da zoben sunanta asid ɗin bernolik, daga sunan Vernonia aka ciro. Wani masanin sinadarai ɗan Birtaniya Frank Gunstone ne ya gano shi a 1954 a cikin man wata Vernonia ta ƙasar Indiya mai suna anthelmintica. Ma'aikatar noma ta Amurka ta kwashe shekaru tana son ta mayar da ta Indiyan abin nomawa, amma 'ya'yan suna zubewa kafin a girbe sai suka haƙura. Ana cikin haka a 1964 wani masanin tsirrai nasu Robert Perdue yana yawon tattara tsirrai a Habasha kusa da garin Harar ya ci karo da galamensis, yaga ita tana riƙe 'ya'yanta fiye da waccan, da aka auna sai aka tarar wajen kashi 40 cikin ɗari na ƙwayar mai ne, kuma a cikin man kashi 70 zuwa 80 bernolik ne. Kai da kake matsar gyaɗa kasan kashi 40 ba wasa bane, ya ninka waken suya.

Maganar shuwaka kuma, a'a ba ita bace. Shuwakar miya Vernonia amygdalina ce, gidansu ɗaya amma kowa da halinsa, ita shuwaka takan zama ƙaramar bishiya ta shekara da shekaru, wannan kuma shekara ɗaya take yi ta mutu. Zai iya yiwuwa ka ganta a bakin gona don tana fitowa da kanta tun daga Sanagal har Habasha da Kenya, sunan ma galamensis daga yankin Galam na bakin kogin Sanagal ya samo asali, sai dai dangin Vernonia suna da yawa kuma furanninsu suna kama da juna, hoto a waya bazai raba maka gardama ba.

Ba ita kaɗai bace mai wannan baiwar. Akwai Euphorbia lagascae a Sifen, tana da bernolik wajen kashi 60 amma tana da farin ƙaro mai ƙuna irin na su tinya. Akwai Stokesia laevis a kudu maso gabashin Amurka da suke shukawa don ado. Kai har 'ya'yan kuɓewa da na rama an samu wannan asid ɗin a mansu tun shekarun 1950, amma ɗan kaɗan ne bai kai a yi sana'a dashi ba.

Abu ɗaya da zan roƙe ka tun yanzu, man nan ba na ci bane ko kaɗan.

Sani_Roba:

Malam Allah ya ƙara basira, bari in ɗora daga ɓangarenmu na masu aiki da abin. Ni shekarata goma sha ɗaya a kamfanin roba, tiyo muke yi da rigar waya da takalma, duk PVC ne. Kuma kullum muna zuba man efoksi a haɗi, sai dai ba na wannan ciyawar bane, na waken suya ne da aka sarrafa, ESBO ake rubutawa a jikin duro, daga waje ake shigo mana dashi.

Dalilin zuba shi kuwa, PVC bata son zafi amma dole sai da zafi zata narke, wajen digiri 170 zuwa 190 muke kai injin. In ta ji wuta sai ta fara sakin iskar asid, ita kuma iskar nan tana fita tana ƙara cinye robar, kamar wutar daji ce tana ci tana ƙara ƙarfi. Na taɓa gani da idona wata rana da dare aka yi kuskuren haɗi aka rage sinadaran kariya, tiyon da ya kamata ya fito fari tas kana hango ruwa a ciki sai ya fara fitowa ruwan ɗorawa, kafin minti goma ya koma kalar shayi, daga nan sai baƙin ɗigo ɗigo, ga wani wari mai shaƙe maƙogwaro ido yana hawaye sai da muka buɗe ƙofofi gaba ɗaya muka kashe injin. Washegari da aka kwance bakin injin duk ya yi tsatsa, kwana biyu muna gogewa. To wannan zoben da Malam ya kira tarko shine yake cafke asid ɗin tun yana fitowa kafin ya yi ɓarna, sannan man yana ɗan ƙara wa robar laushi. Ko robar nan da take zagaye a cikin murfin kwalbar jam ko mayonis akwai shi a ciki, shi yasa a Turai har doka suka sa kan iyakar wanda zai iya shiga abinci, miligiram 60 a kilo, na abincin jarirai kuma 30.

Yadda ake yin ESBO shine a zuba wa man waken suya ruwan haidurojin irin wanda ake wanke ciwo dashi amma mai ƙarfi sosai, a haɗa da asid ɗin fomik ko na asetik, ana juyawa ana sanyayawa don haɗin zafi yake tayarwa da kansa in aka yi sake sai ya fi ƙarfin tukunyar, bayan nan a wanke a tace a busar, ga ruwan wankin mai asid da sai an san inda za'a kaishi. Kaga ita ciyawar duk wannan wahalar ta yi ta a cikin gona da rana da ruwan sama, abin sha'awa ne gaskiya.

Amma Alhaji zan gaya maka yadda mai kamfani yake tunani. ESBO efoksinsa wajen kashi 7 ne, na man 'ya'yan wata shuka mai suna linsid da aka sarrafa ya kai 9, shi kuma man Vernonia wajen 4 ne don zobe ɗaya ne a kowace sarƙa. Wato a aikinmu sai ka zuba kusan ninki biyu kafin ya yi abinda ESBO yake yi. Kuma waken suya duniya cike take dashi, Amurka da Barazil da Ajantina miliyoyin tan suke fitarwa, farashinsa ba wanda zai iya karawa dashi da sabon amfanin gona. Manaja bazai canza haɗinsa ba sai ya tabbatar duk wata duro zai zo kuma na yau irin na jiya ne.

Inda man nan yafi ƙarfi ni a ganina fenti ne. ESBO kauri gare shi kamar zuma, lokacin sanyi ma sai mun ɗumama duron kafin ya zubo, shi kuwa man Vernonia ruwa ruwa ne ko a sanyin ƙanƙara yana zuba. Kasan fentin mai sai an tsinka shi da tina ko kananzir, ka shafa tinar ta tashi ta bi iska ta shiga ƙirjin mai fenti. To shi wannan man yana tsinka fentin amma baya tashi, bushewa yake tare da fentin ya zama jikinsa. Bayan Amurka ta tsaurara dokar tsaftar iska a 1990 an yi ta bincike a kan haka. Duk wanda ya taɓa yini a ɗakin da ake fentin ƙofofin ƙarfe yasan darajar wannan.

Hajiya_Agric:

Sannunku da ƙoƙari. Alhaji ni ta ɓangaren noman zan yi magana don na taɓa shuka 'yan layuka lokacin ina digiri na biyu, da iri kaɗan da malamina ya samo.

Yanayinmu ya dace da ita, wannan babu shakka. Tana son ƙasar jigawa mai tsane ruwa, in ruwa ya kwanta mata kwana biyu ta mutu don haka fadama ba wajenta bane, tana jure ƙarancin ruwa in ta kafu, kuma tana so ruwa ya ɗauke lokacin da 'ya'yan suke nuna. Sannan sai rana ta fara gajarta take fure, wannan ne ya wahalar da Amurkawa don su kafin tayi fure sanyi ya shigo ya kashe ta, sai da masu bincike a Arizona suka yi ta barbara kafin su samu wadda bata damu da tsawon rana ba. Mu bamu da wannan matsalar. A Zimbabwe a shekarun 1980 an samu sama da tan 2 a hekta a gonar gwaji, a Habasha kuma jami'ar Haramaya tayi aiki sosai a kanta.

Amma wahalar da na sha. Na farko irin siriri ne baƙi baƙi, in ka binne shi da zurfi bazai fito ba, kuma satin farko zuwa na shida kamar bata son girma, ciyawa tana rufe ta, noma uku nayi da hannu ina tsugune ina rabe ta da ciyawa. Na biyu kuma shine babba, bata nuna lokaci ɗaya. Zaka zo da safe ka tarar kawunan sama sun bushe sun buɗe gashinsu fari yana tashi da 'ya'yan a iska, na tsakiya basu ƙosa ba, na ƙasa kuma fure ma suke yi. In ka jira na ƙasa na sama sun tafi, in ka yanke da wuri rabi ɗanye ne. Ni da kwano nake bi ina tsinka ɗaya bayan ɗaya duk bayan kwana uku, layi shida ne shi yasa ya yiwu, hekta guda fa? Akan datse kanta tana ƙarama don ta yi rassa su nuna kusan tare, yana taimakawa amma baya kawar da matsalar. Bayan girbi kuma sai raba 'ya'yan da gashin, ina sheƙewa yana shiga hanci da ido yana manne a mayafi, kuma in ba'a cire shi ba ya cika buhu babu nauyi ya kuma shanye mai a wajen matsa.

Riɗi da gyaɗa manoman duniya sun yi dubban shekaru suna zaɓen iri kafin su zama yadda suke, ita wannan har yanzu ɗabi'ar daji ce a jikinta, shekara sittin kacal da fara kula ta kuma ba'a zuba mata kuɗin bincike kamar su waken suya ba. A 2006 gwamnatin Habasha ta sa hannu a yarjejeniya da wani kamfanin Birtaniya mai suna Vernique Biotech kan amfani da irin da kuma raba riba, lokacin an yi ta murna, amma har yau man bai zama hajar da zaka shiga kasuwa ka tambayi farashinta ba.

Baba_Manomi:

Ɗana ka saurare ni da kyau. Wajen 2008 wasu mutane suka zo garinmu da motoci da takardu suka ce mu shuka bini da zugu za'a yi man mota dashi, zasu saye duk abinda muka samu. Na ware kadada ɗaya da nake gero a cikinta na shuka, shekara uku ina kula da ita, ranar da 'ya'yan suka taru buhu huɗu na nemi mutanen nan lambarsu bata shiga. Ba'a ci, dabba bata ci, ba mai saye a kasuwa, a zaure suka ruɓe. Sai da na biya yara suka tumɓuke kututturen kafin gonar ta dawo. Gero ko ba'a saya ba zaka ci da iyalinka. Ban ce abin nan ƙarya bane, malamai sun yi bayani na kuma gamsu, amma kar ka sa wani talaka ya shuka maka sai ka riƙe takardar mai saye da kuɗin kafin alƙalami a hannu.

Mai_Injin_Mai:

Baba na gode Allah ya saka da alheri, wallahi maganarka ta shige ni don nima na san waɗanda abin bini da zugu ya taɓa. Hajiya da Malam da Malam Sani duk na gode. Saura tambayata ta injin, in ace na samu ko tiya biyar ce don gwaji kawai zan iya zubawa a injina? Kuma tunkuzar da zata fita ana ba dabbobi? Don mu a gyaɗa rabin ribar a nan take.

Malam_Sinadari:

Alhaji injin zai matsa, amma kar ka zuba a wanda kake man ci dashi. Kasan yadda mai yake maƙalewa a cikin sukurun da rariyar, ko ka wanke sai na farkon gyaɗar da ta biyo baya ya ɗauko, kuma mutane ne zasu soya abinci dashi. In gwaji ne a samu ɗan na hannu daban.

Sannan akwai wani sirri a irin nan. Yana da inzayim mai tsinka mai, laifes ake ce masa, yana kwance shiru muddin ƙwayar bata fashe ba, amma kana murƙushe ta sai ya farka ya hau tsinke sarƙoƙin daga jikin gilisarin, cikin ɗan lokaci man ya cika da asid ya lalace. Shi yasa ake fara turara irin ko a gasa shi da zafi a kashe inzayim ɗin tukunna a matsa. Zafin kuma in ya yi yawa zoben da ake nema ne zai buɗe, ka tashi da mai wanda ba efoksi. Aiki ne na awo ba na ƙiyasi ba, kuma sai an kai man ɗakin gwaji an auna efoksin kafin ka san me ka samu.

Tunkuzar tana da furotin sama da kashi 40, amma tana da ɗacin nan na gidan su shuwaka, akwai wani sinadari bernolefin a ciki, sai an sarrafa ta kafin a ba dabba. Kaga nan ma lissafinka na gyaɗa bazai hau ba kai tsaye.

Saboda irin waɗannan matsalolin ne wasu suka ce to a ɗauko baiwar a kai wa waken suya mana. A 1998 aka ciro ƙwayar halittar da take ƙera zoben daga wata ciyawa Crepis palaestina, daga baya a jami'ar Kentucky ta Amurka su Farfesa David Hildebrand suka sa irin wannan a waken suya, ya yi bernolik ɗin amma bai ko kusa da kashi 70 na ciyawar ba, don ba ƙera shi ne kaɗai aikin ba, sai da wasu inzayim ɗin da zasu kwashe shi su adana a cikin man. A jami'ar Howard ta Amurka kuma Farfesa Folahan Ayorinde ya nuna ana iya fasa bernolik a samu sinadaran da ake nailan dasu. Ilimin yana nan a rubuce, ni abinda yake damuna ɗalibanmu suna ta maimaita bincike a kan man da kowa ya riga ya auna, ga ciyawa a ƙasarmu ba wanda ya zagaya jihohi ya tattaro irinta ya ga wacce tafi mai wacce tafi riƙe 'ya'ya.

Sani_Roba:

Ni da za'a bi tawa ma kafin a kai ga ciyawar, waken suyan da ake nomawa a Kaduna da Binuwai ya isa a yi ESBO a nan gida, muna da waken muna da kamfanonin roba a Kano da Legas amma duron daga jirgin ruwa yake sauka da dala. In aka samu mai yin wannan a gida shine zai zama mai sayen man Vernonia na farko, don yana da ɗakin gwaji kuma ya san mu.

Hajiya_Agric:

Alhaji tunda kace kana ganin irinta a bakin gona, ka fara da tabbatar da ita ce, wannan ba ya cin kuɗi. Ka jira ƙarshen damina wajen watan goma lokacin da take fure, ka ciro guda biyu ko uku gaba ɗaya da ganye da fure da busasshen kai mai 'ya'ya, ka shimfiɗa a tsakanin tsofaffin jaridu ka ɗora katako da dutse, kana canza jaridar kullum har sati ɗaya don kar ta yi fumfuna. Ka rubuta garin da ranar da irin ƙasar wajen. 'Ya'yan kuma a ambulan ɗin takarda zaka zuba ba leda ba, kar ka daka kar ka murza. Ka ba ƙaninka ya kai ma'ajiyar busassun tsirrai ta sashen ilimin tsirrai a ABU Zariya ko ta jami'arsu in suna da ita, zasu gaya masa sunanta. In ta tabbata ita ce ka turo min ko cikin cokali biyu ne, ina da wajen da zan shuka layi huɗu a damina mai zuwa in ga yadda ta wajenku take nuna.

Mai_Injin_Mai:

In sha Allahu Hajiya zan yi haka. Wajen da nake tunani yana bayan makarantar firamaren ƙauyenmu ne gefen wata gonar dawa, in na je gida Juma'a zan leƙa in gani ko ta fito bana, sai in sa yaron maƙwabcinmu ya kula kar a nome ta kafin tayi fure.